Rasuwar Ƙafa-Uku na Gidan Malam Andrawus

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da kuma sunkuyar da kai ga nufin Ubangiji, gidan Malam Andrawus Tagwai da ke Kafanchan na sanar da 'yan'uwa, abokan arziki da ikkilisiya baki ɗaya rasuwar Ƙafa-Uku, abin ɗora kamara mafi dacewa da aka taɓa zaɓa tsakanin Kachia da Kagarko. Ba a faɗi wannan don yabon mamaci ba. Duk wanda ya taɓa zama da Malam Andrawus a ɗakin malamai, ko a bencin mai shayi, ko a kujerar baya ta motar Kwoi, ya ji hujjojin daga bakinsa, kuma har yau ba a samu wanda ya ja da su ba. Marigayin ya rasu ranar Asabar da yamma, a bakin aiki, a wani ƙauye da ke bayan Nok, bayan doguwar jinya.

Asalin zuwansa gidan roƙon wata tsohuwa ne. Mama Afiniki, mahaifiyar Malam Andrawus, ta yi rayuwarta duka a ƙauyen nan tana noman citta. Da ɓarin jikinta ya shanye, aka ɗauko ta zuwa Kafanchan don kusa da asibiti, aka kwantar da ita a ɗakin baya, wanda tagarsa ke kallon katangar maƙwabci. Ba ta yi ƙorafin ruwan gari ba, ba ta yi ƙorafin ƙarar janareta ba. Abu ɗaya ta ce tana so: ta sake ganin dutsen bayan gidansu, da falalen da take shanya citta a kai tun tana amarya, da ɗorawar da ke gefe. Likita ya ce hanyar ba ta mai irin jikinta ba ce. Sai ta ce, to, tunda ɗanta yana da kamara, a kawo mata dutsen a takarda.

Malam Andrawus malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare, kamarar kuma ya saye ta hannun wani mai hoto da ya rufe shago. Ya karɓi roƙon da hannu biyu. Amma ya bayyana wa matarsa Damaris, wadda ita ke wanke Mama da ba ta abinci a baki, cewa dutse ba ɗan biki ba ne da za a ce ya yi murmushi a danna. Dutse yana son hasken yamma, bayan ruwa ya ɗauke, lokacin da rana ta sauko ta bugi gefensa, ganyen citta kuma yana kore shar. A irin wannan lokacin haske kaɗan ne, dole kamara ta daɗe da ido a buɗe, hannun ɗan adam kuwa, balle na wanda ya haura hamsin, ba ya tsayawa cik. Saboda haka ana bukatar abin ɗorawa. Damaris ta ce to.

Daga nan aka shiga zaɓe. Dole abin ya zama mara nauyi, domin daga Kwoi okada ake hawa, daga inda okada ya gaji kuma ƙafa ce. Dole ya zama mai araha, domin albashin malami ne zai saye shi. Dole kuma ya tsaya da ƙarfi. Bayan dogon karatu a waya, Malam ya gano cewa masu ƙera waɗannan abubuwa biyu daga cikin ukun suke sayarwa, na ukun su bar mai saye da addu'a. Ya gwada na alminiyam da na wani baƙin abu da ake kira kabon, wanda ya fi sauƙin ɗauka amma kuɗinsa na akuya ne da 'ya'yanta. Ya gwada mai gaɓa huɗu da mai gaɓa biyar, ya yanke hukunci cewa gaɓa ta biyar tsinken tsire ce aka yi wa fenti. Ya yi nazarin makullin murɗawa da na dannawa. Ya kawo rula daga makaranta ya auna jakarsa, don ya tabbata idan an naɗe abin zai shige. Asher, mai shagon hoto na kusa da kasuwa, ya ce ga nasa na ƙarfe, a ɗauka kyauta a je a dawo. Malam ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ajiye, ya yi godiya, ya ce ai wannan tukunyar gas ce aka yi wa ƙafafu.

Damina guda ta shige cikin binciken. Ranar da direban Kaduna ya miƙo kwalin a tasha, an riga an fara tonon citta, kore ya bar gonaki. Malam bai damu ba. Ya ce dutse ba ya gudu, damina kuma tana dawowa.

A falo aka buɗe marigayin, gaban iyali. Waɗanda suka halarta ba za su manta muryarsa ba: ƙas, ƙas, ƙas a kowace ƙafa, sannan wani siririn “ƙiii” idan an ɗaga wuyansa. Kusan iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a rayuwarsa. Aka ɗora masa kamara, aka ɗauki hoton kalandar bango, hoton ya fita tas. Sannan aka kai shi ɗakin baya ya gaida Mama. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce siriri ne, a riƙa ba shi abinci.

Ranar Lahadi Malam ya kai shi harabar majami'a bayan sujada, don matasa su ga yadda ake zaɓen kaya. A nan Dattijo Nicholas ya gan shi. Dattijo Nicholas shi ne shugaban kwamitin jana'iza, kuma yana cikin damuwa a lokacin, domin gara ta cinye katakon da ake jingina hoton mamaci a gefen akwati. Kowa ya san a ƙasarmu ba a binne mutum sai babban hotonsa yana tsaye yana kallon masu makoki, sanye da kayan da ya fi so. Dattijon ya zagaya Ƙafa-Uku, ya shafa shi, ya ce, “Tica, Asabar ɗin nan kawai. Ai da kai da kayanka duk na Ubangiji ne.”

Ba a hana gidan makoki aro. Ana iya hana maƙwabci tsani, ana iya hana suruki mashin, amma wanda ya hana gidan makoki kujera ko tukunya, za a tuna masa ranar da nasa ya zo. Malam ya bayar. Kafinta ya ɗaura wa kan marigayin ɗan katako da waya don firam ya samu wurin zama. Tunda kuma a nan gawa takan jira a mutuware har 'ya'ya su taru daga Abuja da Legas, kusan kowace jana'iza Asabar take faɗowa. Asabar kuwa ita ce kaɗai ranar da malamin makaranta yake da ita.

Haka marigayin ya shiga hidima. Ya je Kagoro, ya je Zonkwa, ya je Kachia fiye da sau ɗaya, ya kwana a Kagarko. Ya ɗauki fastoci, ya ɗauki tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, ya ɗauki wata ungozoma da rabin garin ya faɗo hannunta, da wani hedimasta da aka ce ko a hoto ba ya murmushi. Bai taɓa tambayar ɗarikar mamaci ba. Rashin nauyinsa, wanda dominsa aka saye shi, shi ya sa kowa ke son sa: ana rataya shi a kafaɗa a hau okada, yana shigewa ƙarƙashin kujerar bas ɗin mawaƙa. Ya tsaya a gindin duwatsu mafi kyau a kudancin Kaduna, kullum yana ba su baya, domin mamaci jama'a yake kallo. Malam yana jin labarin tafiye-tafiyen yana gyaɗa kai. Ya ce da na Asher ne, da tuni wani ya yi ciwon baya.

Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai. A ƙarƙashin cikin marigayin akwai 'yar ƙugiya, wadda masu ƙera shi suka sa don a rataya wani abu mai nauyi idan iska ta taso. Matan Zumunta na majami'a ba su san wannan ba, sun dai ga ƙugiya, suka mai da ita wurin rataya jakunkunansu, da littafin waƙa da cincin da ruwan leda a ciki. Malam ya ce bai ɓata damina guda yana neman mara nauyi ba don a mai da shi jakin kasuwa.

Jinyar ta fara ne a Zonkwa, inda makullin ƙafa ɗaya ya tsage, aka ɗaure shi da robar taya. A Kachia takalminsa na roba ɗaya ya maƙale a laka, aka sa masa murfin kwalba. Daga baya wuyansa ya daina tsayawa inda aka bar shi, yana sauka a hankali cikin wa'azi, har mamacin da aka fara sujada yana kallon jama'a ya ƙare yana kallon takalmansu. “Ƙiii” ɗin nan nasa ya koma “ƙrrr”. Duk da haka bai taɓa fashin Asabar ɗin da aka kira shi ba.

Damina ta dawo. Citta ta tsiro, ta rufe ƙasa. Mama ba ta cika magana ba a lokacin, amma duk sa'ad da ɗanta ya leƙo da yamma ya ce, “Mama, ya jiki?” sai ta ce jiki da sauƙi, ta bar shi ya kai bakin ƙofa, sannan ta ce, “Anda, dutsen fa? Ko ya tashi daga wurin?” Shi kuma yakan amsa da gaskiya, domin shi ba mai ƙarya ba ne. Wata Asabar marigayin yana Kagoro. Wata Asabar yana gida, amma hadari ya rufe sama, hasken ba zai yi ba. Wata kuma jarrabawa ce za a duba. Akwai Asabar da komai ya yi daidai, har an sa shi a jaka, sai Dattijo Nicholas ya iso da mashin ya ce uwar fasto ce ta rasu.

A cikin watan Agusta, Yemima, ƙanwar Malam da ke aure a ƙauyen, ta ji labarin roƙon. Ta fita da tsakar rana ta ɗauki dutsen da wayarta, ta turo wa Damaris. Malam ya karɓi wayar ya duba. Dutsen ya karkace kamar zai zube, sama ta yi fari fat, rabin ɗorawar ya fita, ga yatsan Yemima a kusurwa, ga akuyar wani a tsakiyar falalen. Damaris ta ce, “Baban Peculiar, a nuna ma Mama wannan mana, kafin naka ya zo.” Malam ya ce a'a. Ya ce idan Mama ta ga wannan, shi zai zauna mata a ido, ta ɗauka haka dutsenta ya lalace. Matar da ta yi shekara da shekaru a kan falalen nan ta cancanci ta gan shi yadda Allah ya yi shi, saura kaɗan ne. Ya faɗi haka cikin natsuwa da ƙauna. Damaris ta dube shi, ta mai da wayar aljihun siket, ta je ta juya Mama ɗaya gefen don kada bayanta ya yi miki.

Mama Afiniki ta yi barci cikin Ubangiji a farkon Satumba, da safe, Damaris tana dama mata kunu. A ranar marigayin yana Kachia.

Malam Andrawus shi ne ɗan fari, shi ya zaɓi hoton da za a tsayar. Ya ce wa Asher ya yi shi mafi girma da injinsa zai iya, a sa shi a firam na katako mai kauri, da gilashi. Asher ya ce gilashi nauyi gare shi. Malam ya ce uwarsa ce. Mutum biyu suka ɗauko shi zuwa mota.

An yi ruwa tun asuba ranar jana'izar. Motar gawa ta kafe a laka bayan Kwoi, sai da samarin ƙauye suka turo ta, sujadar da aka sa da safe ba ta fara ba sai da la'asar. An kafa rumfuna a bayan gidan, kusa da kabarin mijinta, a gindin dutsen. Da aka ɗora hoton a kan marigayin, ƙafar mai robar taya ta ɗan lanƙwasa. Matan Zumunta suna can sahun mawaƙa da jakunkunansu a hannu, domin Malam ya riga ya yi magana a kan ƙugiyar. Dattijo Nicholas ya matso ya raɗa masa cewa ko a sa dutse a leda a rataya, iska tana tasowa. Malam ya ce ba za a rataya leda ƙarƙashin uwarsa a gaban baƙin Abuja ba, abin yana tsayawa da kansa, ya karanta.

Fasto yana tsakiyar wa'azi hadarin ya tsage ta yamma. Rana ta sauko ta bugi gefen dutsen. Falalen, jiƙe da ruwa, ya ɗauki haske kamar tasa, ɗorawar ta fito ganye-ganye, gonakin citta suka yi kore har gindin sama. Malam yana zaune a sahun gaba cikin ankon iyali. Ya lura, ba da son ransa ba, cewa hasken ke nan. Ya lura da inda ya kamata a kafa ƙafafun, can hagu da akwatin, da tsawon lokacin da kamara za ta buɗe ido. Kamarar tana Kafanchan, domin ɗan fari ba ya rataya kamara a jana'izar uwarsa. Bai ji komai ba. Ya dai zauna yana kallon hasken a bayan hoton Mama, wadda ke kallon jama'a.

Sai iska ta bi ƙarƙashin rumfa. Marigayin ya ce “ƙrrr”, ya ce “ƙas” sau ɗaya, ƙafar mai robar taya ta shige cikin kanta, ɗayar ta karye a gaɓa ta uku. Ya faɗi a gefen akwatin, gilashin ya tarwatse. Wannan ne ƙarshen maganarsa.

Fasto ya dakata. Ba wanda ya motsa, domin ba a san wanda ya kamata ya motsa ba. Damaris ta tashi daga sahun surukai, ta ɗaga hoton daga laka, ta share fuskar Mama da gefen mayafinta. Ba wurin jinginawa, sai ta rungume shi a ƙirji ta tsaya inda marigayin ya tsaya. Fasto ya ci gaba. Aka yi waƙa, aka karanta tarihin Mama, wakilan jikoki suka yi magana, wani kawu ya yi magana da Hausa ya sake maimaitawa da yare. Guntun gilashin da ya rage a firam ɗin ya shige tafin hannunta na dama, jini ya bi katakon yana ɗiga kan ankon. Ba ta sauke ba. Waɗanda ke kusa sun ce a wani lokaci, cikin addu'ar ƙarshe, ta juya a hankali ta ba jama'a baya, hoton yana kallon dutsen, har aka ce amin. Dattijo Nicholas ya so ya yi mata magana cewa ba haka ake yi ba, matarsa ta riƙe masa riga. Lokacin da aka sauke akwatin hasken ya riga ya tafi.

Marigayi Ƙafa-Uku ya rasu ya bar kamara ɗaya, wadda sau ɗaya suka taɓa haɗuwa, a falo. Ya bar jakarsa, da ɗan makullin ɗaure shi da ba a taɓa cirewa daga leda ba, da takardar bayani cikin harsunan da ba mai jin su a gidan. Ya bar takalmin roba ɗaya a wata makabarta a Kachia. Ya bar hoton kalanda. Ya bar kwamitin jana'iza cikin maraici, har sun riga sun turo wakili ya yi ta'aziyya, ya kuma tambaya cikin ladabi yaushe magajinsa zai iso, domin akwai ta wani dattijo a ƙarshen wata. Ya bar mai shi, Malam Andrawus, wanda yake cin abinci, yake zuwa makaranta, yake amsa gaisuwa yadda ya kamata. Da yamma yakan leƙa ɗakin baya, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran a kira shi, sannan ya dawo falo ya ɗauki waya. Ya gaya wa masu zuwa gaisuwa cewa laifin ba na zaɓin ba ne, na gaɓa ta uku ne, kuma a wannan karon yana duba na kabon.

Ga tsarin jana'iza. Gawar tana kwance a ɗakin baya, a kan gadon da babu kowa, ga duk mai son ganin ƙarshe. Ba za a yi waƙoƙi ba, ba anko, ba a bukatar rumfa. Ba za a tsayar da hotonsa ba, saboda babu abin ɗorawa. Ranar Alhamis mai sayen tsofaffin ƙarafa zai biyo ta layin da kurarsa, shi zai raka shi makwancinsa. Iyali sun roƙi a bar musu ƙugiyar.

Masu tambaya game da hoton Mama kuma, an gyara shi. Damaris ta kai shi shagon Asher ranar kasuwa, a kan okada, ta ce a sa sabon gilashi. Da ya gama aunawa ta ciro wayarta da hannun hagu, domin na daman yana naɗe da bandeji, ta nuna masa hoton da Yemima ta turo. Ta ce ya wanke mata shi ƙarami, ya soke shi a kusurwar firam ɗin ta ciki. Asher ya duba, ya ce, “Madam, wannan ai ya karkace. Ga yatsa, ga akuya. Bari Tica ya ɗauko mai kyau mana.”

Ta ce, “Wanke shi haka.”

Ya tambaya ko ya rubuta a sunan Malam, tunda shi ya yi odar firam ɗin. Ta ce a'a. Ta kwance bakin zanenta da haƙori, ta biya, ta zauna a benci tana jiran injin ya yi zafi.